Rumfa Biyu a Kan Maƙogwaro

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar marka. An ce sai ya yi shekara talatin da uku kafin ya zagayo inda ya baro. Ni ban iya wannan lissafi ba, gwiwoyina ne suka gaya mini. Yau kwana huɗu rana ba ta leƙo ba. Jiya da hantsi na sa aka riƙe ni na hau kan soro na duba bayan gida. Masu shagunan da ke jingine da katangarmu duk sun naɗe ƙafar wando suna kwarfar ruwa da bokiti. Su kwarfa su watsa a titi, titi ya dawo musu da abinsu. Mai sayar da katifa ya ɗora kayansa a kan benci, ya riƙe ƙugu, yana tambayar jama'a wai daga ina ruwan nan yake ɓullowa.

Wai daga ina. Daidai inda ya kafa shagonsa, da idona na ga jaki ya nutse da kayansa har kunne.

Tunda ba sauran mai gaya masa, bari ni in faɗa.

Wurin nan kududdufi ne. Bagaruwa sunansa, saboda wata tsohuwar bagaruwa da ke gefensa, wadda majema suke kaɗe wa 'ya'ya. Ba tafki ba ne da aka tarar, hannu ne ya haƙa shi. Uwar mijina, Iya, ta ce ta ji a bakin nata surukan cewa tun ana ɗibar ƙasar gyaran ganuwa aka fara ramin, daga nan kuma duk mai son ɗaki ko katanga a unguwar can yake tura jakuna. Takan ce, “Da za a kife unguwar nan a cikin Bagaruwa, cif za ta cika shi, ko ƙwarya guda ba za ta yi saura ba. Kowane ɗaki da kike gani, raminsa yana can yana jiransa.”

Ruwansa daga wajen Dala yake gangarowa, ta lunguna uku. Duk abin da indararon unguwa ya zubar, can ya nufa. Mafita kuwa ɗaya ce tak: wani siririn kwari tsakanin katangarmu da ta maƙwabcinmu Alhaji Ɗanlami, faɗinsa bai wuce mutum ya ware hannu biyu ba, zurfinsa iya ƙirji. Maƙogwaro ake ce masa. In kududdufi ya ƙoshi, ta nan rarar take bi, ta ratsa ƙarƙashin hanya, ta gangara rafin Jakara. Gidanmu ne na ƙarshe a gangare, ɗakin Iya kuma shi ne na ƙarshe a gidan. Bangonsa na baya a kan gaɓar yake tsaye.

Ba zan yi ƙarya in ce wurin ƙamshi ne ba. Da rani ruwan yakan janye tsakiya ya yi kore shar, ga warin jima, ga sauro kamar aiko su aka yi. Amma kowa yana ci a jikinsa. Masu lambu su bi laima su shuka latas da albasa, masu wanki su shanya a gaɓa, Fulanin bayan masallaci su kawo shanu da yamma, magina su kwaɓa ƙasa su jera tubali yana bushewa kamar manyan curin fura. Abin da magina suka ɗiba da rani, nan ne masaukin ruwa da damina. Haka aka zauna da shi, ba wanda ya cuci wani.

Abu biyu ake yi masa duk shekara. Na maza shi ne yasa. Da hadarin farko ya fara haɗowa a gabas, mai unguwa zai sa a yi shela, kowane gida ya fito da namiji da shebur ko kwanon sarki, a shiga Maƙogwaro a kwashe sharar da rani ya tara. Daga ƙasa ake farawa, ta wajen hanya, a hauro sama. Wanda ya fara ta bakin ruwa, shi ruwan zai fara kwashewa. Aikin safiya ɗaya ne. Mu kuma mu dama fura mu aika.

Na mata tsaro ne, kuma na gidanmu ne, don kan soronmu ne kaɗai yake kallon gaɓar sosai. Akwai fasassun duwatsun niƙa guda uku da aka kafa a gangaren bayan ɗakin Iya, wani sama da wani. Na ƙasa sunansa Sallama. Na tsakiya Zaure. Na sama Ƙofar Ɗaki. Ruwa baƙo ne, in ji Iya: in ya yi sallama a amsa masa, in ya shigo zaure a sa masa ido, in ya kai ƙofar ɗaki to ba zumunci ne ya kawo shi ba. A nan mai tsaro za ta jawo turmi wayam, ba komai a ciki, ta buga sau uku ta tsaya, sau uku ta tsaya. Mace ba ta fita titi ta yi kururuwa, turmin ne bakinta. Duk namijin da ya ji ya san Maƙogwaro ya shaƙe, ya ajiye abin da yake yi ya taho. Shekarata uku da zuwa gidan daga unguwar Ƙofar Ruwa ƙafar Iya ta fara gazawa, ta ɗora ni a kan aikin. Shekara goma sha bakwai ina hawa duk bayan ruwa, ban taɓa buga turmin ba, don ana yasa. Ita kanta Iya sau ɗaya ta buga, tana amarya.

Sai shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula. Tun kafin nan bulo ya shigo gari, magina sun rage shiga ramin, shara ta fara cin gefe. Amma siyasa ce ta ƙarasa mu. Unguwa ta rabu biyu kamar an tsaga goro. Maigidana, Malam, maɗinkin riguna ne, mutum mai sanyi, wanda in kaza ta shiga zaurensa sai ya jira ta fita don kanta. Shekarar nan sai ga shi da bajo a ƙirji yana ɗaga murya. Alhaji Ɗanlami, da suka yi wasan ƙasa tare, yana ɗaya jam'iyyar. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu, ɗaga hannu ya koma kau da kai.

Mutanen Alhaji suka nemi wurin zama. Ba fili a unguwa, sai suka ga Maƙogwaro a bushe. Suka zuba ɓaraguzai da buhunan ƙasa a bakinsa ta wajen ruwa, suka daddaɓe, suka kafa rumfa, suka jera benci, suka ɗaura tuta. Ba a kwana uku ba su Malam suka cike ɗaya ƙarshen, ta wajen hanya, suka kafa tasu, dirkokinta sun ɗara na waccan da taƙi guda. Ina kan soro ina kallo.

Da ya shigo cin tuwo na ce, “Malam, a kan Maƙogwaro kuka zauna.”

“Na ɗan lokaci ne.”

“Hadari ya fara haɗowa. Yaushe za a yi yasa?”

“Mai unguwa nasu ne. In ya yi shela muka fita, cewa za a yi mun bi.”

“To ku ku yi shelar.”

“Su ba za su fito ba.” Ya gutsuri tuwo. “Ke Dije, ba ki san abin da ake ciki ba. Ɗan takararmu ya zo da kansa ya ga wurin. Kwalbati za a yi na siminti, har mota ta bi ta kai. Ana rantsar da gwamnati za a fara.”

“Yaushe ne rantsarwar?”

“Bayan damina.”

“An gaya wa ruwan?”

Ya ce miyar ta yi gishiri.

Matar Alhaji, Gambo, ta kan katanga muke hira. Ta ce nasu ɗan takarar ma kwalbati ya yi alkawari, nasa har da fitila a kai.

Shekarar ce kuma na fara ganin an fitar da matan kulle da rana tsaka. Ni da na shekara ashirin ba na taka titi da rana sai da dalili mai ƙarfi, sai ga Malam da kansa yana cewa in yi sauri, a-kori-kura tana jira. Kusan kowace Asabar a loda mu kamar buhunan gero, a kai mu makarantar firamare, a nuna mana inda za mu dangwala. Tawadar ba ta gama barin babban yatsana ba a sake shafa wata.

Ana cikin haka aka ga wata. Wanda bai yi azumin marka a gidan ƙasa ba, akwai abin da bai sani ba. Ba ƙishirwa ce wahalar ba, sanyi ma ake ji. Yunwa ce da danshi. Tsohon gero ya yi wuya a kasuwa, sabo yana gona bai nuna ba. Itace jiƙaƙƙe, ka hura ka hura sai hayaƙi, ido ya yi ja kafin tukunya ta ɗau zafi. Ashana sai an ɗumama ta a hammata take kamawa. Gishiri ya narke a kwalba, tabarma ta yi funfuna, wankin yara ya kwana uku a igiya yana tsami. Da safe in bi ɗakuna da kwanoni ina tarar yoyo, in hau soro ɗauke da ƙasa da katsin marina in toshe tsaga, in fisge ciyawar da ta tsiro a rufi, don saiwarta ce take buɗe wa ruwa hanya. Da azahar a surfa gero a wanke. Ba ranar shanya, sai a baza a faifai a cikin ɗaki. Da la'asar sai daka, ni da matan ƙannen Malam biyu, turmin kunu daban, na wake daban. Kowane gida haka. In la'asar ta yi a unguwarmu da azumi, ƙasa har motsi take yi don lugude.

Ran biyar ga azumi ruwa ya taɓa Sallama. Ran sha biyu ya hau Zaure, bai kuma koma ba, don ba shi da ta inda zai bi. Kwaɗi suka tare a gindin bangonmu, kainuwa ta matso tana gogar katanga.

Iya a lokacin ta shekara huɗu a kwance, sai an tayar an jingina. Ido ya tafi, kunne yana nan garau, baki kuwa ya fi na da. Kullum na sauko sai ta ce, “'Yar Ƙofar Ruwa, ina baƙon?”

“Yana zaure, Iya.”

“A zaune ko a tsaye?”

“A tsaye.”

Na dafa bangon da ke bayan gadonta, na ji shi sanyi ƙalau, tafin hannuna ya taso da laima. Na ce a mayar da ita ɗakina na gaba kafin a ga abin da hali zai yi. Malam ya yarda, ya shigo ya durƙusa ya roƙe ta.

Ta ce, “A ɗakin nan aka sauke ni da lulluɓi, a nan na haife ka. Ta ƙofar nan za a fitar da ni, sau ɗaya, a miƙe. Ba ni zan matsa ba. Rumfarka ce za ta matsa.”

“Iya, an kusa gama zaɓen.”

“Ubanka sau arba'in ya yashe Maƙogwaro, ban taɓa jin ya tambayi wa ke mulki ba.”

Aka gama zaɓen. Na ce to, alhamdu lillahi. Ashe ban gama sanin maza ba. Waɗanda suka ci a unguwa suka ce mai nasara ba ya tashi. Waɗanda suka faɗi suka ce in suka cire tasu za a ce gudu suka yi. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara zare dirka.

Ran sha tara ga wata, ana idar da azahar, ruwa ya kece. Ba iska, ba tsawa, zuba kawai, irin wanda indararo yake harbawa har tsakiyar gida. Bai tsagaita ba sai la'asar. Na hau sama ƙafata tana nutsewa a rufi. Lungunan nan uku kowanne ya zama kogi, jan ruwa yana ta shigowa da tsummoki da kwandunan mutane. Na nemi bagaruwa, sai rassa na gani. Na nemi Ƙofar Ɗaki. Ina kallo ruwa ya lashe shi, ya ja baya, ya sake lasa, bai ƙara ja ba.

Na sauko na juye geron da ke turmi a ƙwarya, na jawo turmin tsakar gida, na ɗaga taɓarya. Uku, na tsaya. Uku, na tsaya. Turmi wayam yana da wata irin ƙara, har a haƙori ake jin ta. Na buga har kafaɗata ta ɗau zafi. Ba wanda ya zo. Ta yaya za a zo? Ruwa ya tsare mata tun azahar, yana ɗaukewa kowace ta ruga kan turminta don magariba ta matso. Duk unguwa daka ake yi, nawa ɗaya ne a ciki. Waɗanda suka san bugu uku kuwa, yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Sai Gambo ta leƙo ta kan katanga, gari har gira.

“Yaya Dije, wannan wane irin daka ne? Ko geron ne ya zage ki?”

“Hau ki duba bayan gidanku.”

Na shiga wurin Iya. Ruwa yana tsattsafowa ta gindin bango, ya kewaye ƙafar gado, takalmanta suna yawo a kai. Ina tsaye wani ɓangaren yaɓe mai faɗin faifai ya saki, ya faɗo gefen matashinta. Ko motsi ba ta yi ba.

“Na ji kin buga,” ta ce. “Hannunki yana sauri a na ukun, amma ba laifi. Sun zo?”

“Ba su zo ba. Iya, bari mu ɗauke ki.”

“Taɓa ni ki gani.” Ta juyo da fuska inda muryata take. “'Yar Ƙofar Ruwa, wa ya ce miki turmi kaɗai taɓarya take duka?”

Na ɗaure mayafi a ƙugu, na yafa zane a ka, na saɓa taɓarya, na bi ta zaure na fita. Ido na ganin ido, ba izini, ba a-kori-kura.

Suna nan a rumfunansu, duka biyun, sun ɗage ƙafafu kan benci don ruwa ya fara bin ƙarƙashi, kowane ɓangare da rediyonsa ana gardamar ƙuri'a. Yasa daga ƙasa ake farawa, ta ƙasa kuwa ta su Malam ce. Na wuce ta su Alhaji ban dube su ba, na je na tsaya a gaban mijina.

Ya miƙe, carbi ya suɓuce masa. “Dije? Lafiya? Wa ya mutu?”

“Saura kaɗan. Ku tashi.”

“Wa ya ba ki izinin fita?”

Na nuna masa babban yatsana, sauran tawada tana nan a gefen farce. “Wanda ya ba ni ran Asabar.”

Na ɗaga taɓarya na sauke a gindin dirkar farko. Ƙasar ta riga ta jiƙa, bugu biyu ta kwanta. Rufin ya karkato, maza suka watse suna dafe huluna. Sai sowa da tafi daga ɗaya rumfar. Wani ya ce matar Malam ta sauya sheƙa. Alhaji Ɗanlami da kansa ya tako yana dariya, yana tattare babbar riga.

“Matar Malam, sannu da aiki. Da ma mun san a gidan nan akwai mai hankali. Gobe a kawo miki atamfar jam'iyya.”

“Alhaji, a ajiye atamfar. Ina gamawa da wannan, taku zan zo.”

Dariyar ta tsaya a rabi. Bai kai ga amsawa ba ƙofar gidansa ta buɗe. Gambo ce da taɓaryarta. Ta hau ta ga abin da na gani, ta kuma ga awakinta a tsaye cikin ruwa a turke.

“Yaya Dije, bar mini wannan,” ta ce. “Kowa ta ji da ta mijinta.”

“Gambo, koma ciki,” in ji Alhaji.

“In koma in yi iyo, Alhaji?”

Kafin a jima lugude ya mutu a unguwa, gida bayan gida. Na ɗaga kai na ga mata a bakin lungu, wasu da goyo, kowace da taɓarya. Ba mu iya haƙa ba, taɓarya ba diga ba ce. Muna dai zungurar buhunan ƙasa, muna farfasa ɓaraguzai, taɓo har fuska. Abin da ya tayar da mazan ba tausayi ba ne, kunya ce: masu wucewa a hanya sun fara tsayawa suna tambayar wace unguwa ce wannan da mata ke yasa. Wani tsohon magini da ya daɗe da ajiye aiki ya dogaro sandarsa ya tsaya a gaɓa, yana kiran kowa da sunan ubansa yana zagi, yana nuna inda za a sara. Sai ga shebur, sai ga kwanon sarki. Na ga Malam a cikin kwari har ƙirji, rigar da ya ɗinka da hannunsa ta koma taɓo, yana miƙa wa Alhaji Ɗanlami kwano, Alhaji yana karɓa, kowa ya kau da kai.

Ranar na san marka ma tana da ƙishirwa. Ruwa ko'ina, harshe kamar busasshen ƙirgi. Wani ya zame ya kurɓa, ya taso yana tambaya ko azuminsa yana nan. Maginin ya ce ya ci gaba da haƙa, liman ba gudu zai yi ba.

Rana ta yi ja a ƙarƙashin gajimare sa'ad da buhun ƙarshe ya motsa. Maginin ya daka tsawa kowa ya fito. Aka ji wani gurnani, sai Bagaruwa ya taho ta tsakanin katangu biyu, ya kwashi bencuna, da tutocin duka biyu, da rediyon wani yana cikin magana, ya yi Jakara da su. Ban tsaya kallo ba. Na koma na hau sama da taɓona. Ana kiran salla Ƙofar Ɗaki ya fito da kai, baƙi wuluk, yana sheƙi.

“Ya juya, Iya.”

“To ba ni ruwa in sha. Kin bar ni da azumi a baki kina yawon titi.”

Ranar ba gidan da aka dama kunu. Da ruwa da ɗanyar gumba aka buɗe baki a unguwar. Malam ya shigo ya yi wanka, ya zauna a tabarma, ya buɗe kwano ya rufe, ya dube ni ya ce, “Yau ba ƙosai?”

Na tura masa moɗar ruwa. Na riga na kai azumina da ƙyar, ba zan zubar da ladansa a kan tabarma ba.

Washegari dattawa suka zauna a ƙofar mai unguwa. Na zaci maganar yasa za a yi. Maganar fitar mata ba izini aka yi, aka ja kunnen mazaje. Kowace jam'iyya kuma ta ce 'ya'yanta ne suka buɗe Maƙogwaro. Bangon Iya ya zubar da rabin kaurinsa ta waje, amma ya tsaya. Da kaka maginin nan ya sa aka ɗebo ƙasa daga Bagaruwa aka mayar masa da abinsa. Iya ta ƙara shekara biyu a ɗakinta. Ta ƙofar aka fitar da ita, sau ɗaya, a miƙe.

Kwalbati kuwa, bayan rantsarwa wasu sun zo da igiyar awo, tifa ta juye tsakuwa a bakin hanya. Tsakuwar ta yi ƙafa kwano-kwano. Daga nan ba a ƙara yin shelar yasa ba, an ce aikin gwamnati ne. Shara ta ci gefen yamma, aka daddaɓe aka yi gida. Ta ci na arewa. Aka sare bagaruwar. Soja suka dawo, suka sake tafiya, kowane zuwa da tafiya sai ramin ya ragu, har ranar da na hau na nemi duwatsun na ga daɓen siminti. Maƙogwaro yanzu banɗakin wani ne da shagon cajin waya.

Yau ni ce a ɗakin Iya. An shafe bangon da siminti ciki da waje, amma cikinsa ƙasar Bagaruwa ce, ta kuma san raminta yana kusa. Da na sauko jiya na dafa shi. Tafin hannuna ya taso da laima.

Ɗana Kabiru ya shigo ya durƙusa daidai inda ubansa ya durƙusa. “Hajiya, ki daure ki koma ɗakin gaba. An kai ƙorafi, kansila ya ce bayan Salla za a zo a duba.”

“Bayan Salla.”

“Haka ya ce. Har da kwalbati.”

Na ce wa matarsa ta kawo mini taɓarya. Ta dubi mijinta, ta dube ni. Ta ce, “Hajiya, ai mu inji muke kaiwa.” Na ce a nemo a maƙwabta. Aka bi gida shida, aka dawo mini da ta jajjage, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, tana warin attaruhu. Na juya ta a hannu. La'asar ta yi, na kasa kunne. Unguwa tsit, sai janareto da ƙarar bokiti. Yau da zan buga, kowa zai ji. Sai dai ba turmin, ba wanda ya san bugu uku, ba kuma abin da za a buɗe in an zo.

Iya ta ƙi matsawa ne don tana da Maƙogwaro, tana da suruka mai taɓarya. Ni taurin kan kawai na gada.

Na miƙa wa matar Kabiru abin, na ce a mayar wa mai shi, kada magariba ta same ta ba ta daka yaji ba. Na dubi Kabiru na ce, “Ku ɗauki gadon. Ni da ƙafata zan fita, tun ina da ita.”